Mai Gyaran Keke da Jitar Yayansa

Akwai wani mutum mai gyaran keke a wani ƙaramin gari, sunansa Habila. Rumfarsa tana bakin kasuwa, kuma duk yankin an san hannunsa. Idan ƙafar keke ta karkace, sai ya kife keken, ya bi wayoyin ƙafar ɗaya bayan ɗaya yana latsawa da babban yatsa, wadda ya ji ta saki ya ɗaure ta, har kowace waya ta yi tauri daidai da 'yar'uwarta. Abu ɗaya ne yake ɓata masa rai, wato mutum ya tako da ƙafa ya zo yana ba shi labarin yadda kekensa yake ƙara, alhali keken yana can gida a jingine. Sai Habila ya ce masa, "Ni ba na gyaran labari. Je ka kawo keken." Yakan faɗa da ƙarfi don na kusa su ji, su kuwa su yi ta dariya.

Habila yana da wa mai suna Dogara, wanda ya shekara ashirin yana kaɗa jita a majami'arsu. Kowace shekara a sujadar godiya ta kaka, ranar da ake jera dawa da masara da gyaɗa a gaban bagadi, Dogara ne yake fara waƙar buɗewa da jitarsa, sannan matan zumunta su ɗauka. Ana nan sai Dogara ya kwanta ciwo, Ubangiji ya kira shi gida. Kakar da ta biyo baya aka yi godiya ba jita, matarsa Afiniki kuwa ta zauna a bencin baya, ba ta buɗe baki ba har aka tashi.

Da damina ta sake yin nisa, wata Lahadi bayan sujada, sai Afiniki ta tare Habila a ƙofar majami'a da wani abu a cikin buhu. Ta ce jitar yayansa ce. Ta ce ba ta roƙon komai a duniya sai ta sake jin muryar jitar nan ranar godiya, kuma a hannun ɗan gidansu. Habila bai taɓa riƙe jita don kiɗa ba, amma ga mutane tsaye suna kallo, ga hawaye a idon matar yayansa. Ya ce, "To, Yaya, zan yi." Lahadi mai zuwa fasto ya sanar a gaban ikilisiya, aka tafa, wata tsohuwa har da guɗa. Habila yana zaune yana murmushi, amma da ya ƙirga a yatsunsa sai ya ga saura mako goma.

A garin da ke gaba da nasu akwai wani dattijo, Malam Irimiya, wanda ya koyar da kiɗa da waƙa a makaranta har ya yi ritaya, yanzu yana koya wa mutane a gidansa ɗaya ɗaya. Habila ya hau kekensa ya je, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Malam ya karɓe shi, suka shirya a kan kowace Talata da yamma. A ranar ne Habila ya ga jitar Malam rataye a bango, tana sheƙi, ko ƙwarzane babu. Da zai tafi Malam ya ce masa in zai dawo ya taho da tasa.

Ya koma gida ya zaro ta yayansa daga buhu, ya duba ta. Fentin ya koɗe, inda hannu yake gogawa ya yi fari. A gefenta akwai wata tsaga da shi kansa ya taɓa liƙewa shekarun baya da gam da guntun robar taya, irin facin da yake yi wa keke. Ya tuna ta Malam, ya dubi wannan, ya ce a ransa ai ko kusa ba zai shiga gidan dattijon nan da facin taya ba. Sannan ya latsa tsirkiyoyin shida ya ji sun saki, don sun fi shekara a ajiye. To, nan fa aka zo wurin da ya iya. Ya kama 'yan kunnuwan ƙarfen da ake murɗawa a kan jitar, ya yi ta murɗa yana latsawa da babban yatsa, har kowace ta yi tauri daidai da 'yar'uwarta. Ya ce shi ke nan, gyara ya ƙare.

Ranar Talata ya tafi hannu sake. Malam ya tambaye shi jitar, ya ce hanyar ce ba kyau, yana tsoron kada ta fashe. Malam ya tambaya ko an saita ta, ya ce ai shi da kansa ya ɗaure ta. Malam ya ɗauka wanda ya tashi gida ɗaya da makaɗi ya san abin da yake faɗi, sai ya sauko da tasa ya miƙa masa. Kullum kafin ɗalibi ya iso Malam ya riga ya saita tasa, don haka Habila bai taɓa ganin yadda ake yi ba.

Malam ya koya masa zama da riƙo, ya nuna masa inda kowane yatsa zai danna. Kamu uku ne kawai a waƙar godiyar, wato yadda ake jera yatsu iri uku a wuyan jita. Hannun Habila ya saba da ƙarfe, bai sha wuya sosai ba. A mako na uku ya ja kamu na farko, sauti ya fito garau, Malam ya gyaɗa kai ya ce madalla. Habila ya tuƙo keke zuwa gida kamar zai tashi sama.

Yana isa ya ɗauki ta yayansa, ya jera yatsun nan daidai yadda aka nuna masa, ya ja. Abin da ya fito ba shi da daɗin ji ko kaɗan, kamar an jefar da faranti a kan siminti. Ya duba yatsunsa, suna inda ya kamata. Ya sake ja, haka. Matarsa Liyatu tana tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago kai ta dube shi, ta mai da kai ga tankaɗenta. Kallon nan nata ya fi masa zafi.

Yanzu ku dubi lissafin mutumin nan. Ya ce laifin ba zai zama na jitar ba, don shekara ashirin tana daɗi a hannun Dogara. Ba zai zama na ɗaurin ba, don shi ya ɗaure, kuma wa zai koya masa ɗaurin waya a garin nan? Saura me? Sai shi. Ya yanke cewa hannunsa ne ba shi da baiwa, daɗin da yake ji a gidan Malam kuwa albarkacin Malam ne. Sai ya ƙara ƙaimi. Yana rufe rumfa da wuri, ya shiga ɗaki ya ja ƙofa don kada maƙwabta su ji, ya yi ta danna tsirkiya har kan yatsunsa suka tsage. Duk ranar da abin ya ƙara muni, sai ya latsa ya nemo wadda yake ganin ta ɗan saki, ya ƙara mata murɗi.

Mako na biyar ya wuce, na shida ya wuce. A gidan Malam yana kaɗa waƙar daga farko har ƙarshe, Malam yana rera masa a hankali. Kowace Talata Malam sai ya tambayi jitar, kowace Talata Habila da amsarsa. Yau hadari ne, gobe ya yi sauri ya manta, jibi tana nan lafiya lau. Malam yakan dube shi ta saman tabarau na ɗan lokaci, sannan ya ce to.

A gari kuwa ba a bar shi ya huta ba. Masu kawo gyara suna kiransa sabon makaɗi. Shugabar zumuntar mata ta aiko sau biyu ya zo su gwada waƙar tare, ya ce aiki ya yi masa yawa. Mafi wuya ita ce Afiniki. In za ta kasuwa sai ta biyo ta rumfarsa ta gaishe shi, ba ta tambayar komai, sai dai ta dubi yatsunsa da suka tsage ta ce Allah ya ba da ƙarfi. Wata rana ta gaya masa ta ɗinka sabon zane don ranar, karo na farko tun rasuwar. Da ta wuce, Habila ya zauna da sufana a hannu ya rasa abin da ya ɗauko ta ya yi. Abinci ya daina shigarsa. Ya ɗaura wa wani mutum sarƙar keke a karkace, abin da bai taɓa yi ba, mutumin ya dawo yana faɗa. Ko a sujada, da an tashi waƙa sai ya riƙa ganin kansa tsaye a gaban jama'a, ya ja tsirkiya, yara su fashe da dariya, Afiniki ta tashi ta fita da sabon zanenta.

Ranar Litinin ta makon ƙarshe, saura kwana shida, ya ce yau sai ya ga ƙarshen abin. Ya kama kunnen tsirkiya mafi siriri ya murɗa, ya ƙara murɗawa. Sai ji ya yi tas, ta tsinke ta zane shi a bayan hannu. Ya zauna yana kallon jitar yayansa da tsirkiya biyar.

Liyatu ta ji ƙarar ta shigo. Ya gaya mata shi kam ya gama, gobe zai je ya roƙi Malam aron tasa, in ya so a ɓoye ta Dogara a ce ta lalace. Ta tuna masa Afiniki ba kowace jita ta roƙa ba, ta mijinta ta roƙa, kuma ko daga bencin baya za ta gane. Ya ce to sai ya je ya yi wa Malam bayanin yadda take yi, ko zai ba shi wata dabara. Liyatu ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

Ta ce, "Maigida, kai ne fa kake korar mutane a rumfa kana cewa ba ka gyaran labari. Mako tara kana kai wa dattijon nan labari."

Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

Kashegari ya mai da jitar cikin buhu, ya ɗaura a baya, ya hau keke. Sau biyu a hanya ya tsaya kamar zai juya. Da ya isa ya yi sallama, ya durƙusa ya ajiye buhun a gaban Malam, ya faɗi gaskiya duka, tun daga facin taya har tsirkiyar da ta tsinke. Bai iya ɗaga kai ba, yana jiran dariya ko faɗa.

Malam Irimiya ya zaro jitar, ya juya ta a hankali. Da ya zo kan facin sai ya tsaya, ya shafa shi da yatsa.

Ya ce, "Na san jitar nan. Yayanka ya taɓa kawo mini ita in sa masa tsirkiya. Na ce bari in cire robar nan in yi masa gyara mai kyau, ya hana ni. Ya ce ƙanensa ne ya yi, kuma tun da aka liƙa ba ta ƙara buɗewa ba."

Habila ya sunkuyar da kai, hawaye suna zuba a kan tabarma.

Malam ya latsa tsirkiyoyin biyar, ya yi salati irin na dattawa, ya ce, "Kai, ɗana!" Ya ɗaga jitar ya nuna masa yadda wuyanta ya fara lanƙwasa saboda ja, da yadda ɗan katakon da ke riƙe da tsirkiyoyin a ƙasa ya fara ɗagowa. Ya ce da an ƙara kwana biyu ana murɗi, da ya ɓalle gaba ɗaya, da babu jitar da za a kaɗa ranar Lahadi. Sannan ya kama kunnuwan ya fara sassautawa. Habila yana kallo aikinsa na mako tara yana warwarewa, tsirkiyoyin suna laushi har suka kwanta. Hannunsa ya yi ta ƙaiƙayi yana son ya hana, amma ya daure ya zauna.

Malam ya sa sabuwar tsirkiya. Ya zaro wani ɗan ƙarfe mai baki biyu daga aljihu, ya buga a gwiwarsa, ya dafa gindinsa a jikin jitar, sai wata murya siririya ta fito ta tsaya cak. Ya ce wannan ƙarfen muryarsa ɗaya ce, rani da damina ba ta canzawa. Ya murɗa tsirkiya ɗaya a hankali har muryarta ta haɗu da ta ƙarfen, daga ita kuma ya saita sauran biyar. Ya gaya masa jita ba ƙafar keke ba ce. Ba a tambayar yatsa ko ta yi tauri, kunne ake bai wa aiki, kuma kowace tsirkiya da muryar da aka yi ta domin ta.

Ya miƙa masa. Habila ya jera yatsun nan da suka tsage, yadda ya jera su sau dubu a ɗakinsa, ya ja. Muryar jitar Dogara ce ta cika ɗakin, ita ce dai wadda ya sani tun yana saurayi. Ya kasa ci gaba, sai da ya share fuska da hannun riga.

Malam bai bar shi ya tafi ba. Ya sake sassauta tsirkiyoyin duka ya ce ya saita da kansa. Ya yi, bai yi daidai ba, aka sake. Sai a karo na huɗu Malam ya gyaɗa kai. Ya danƙa masa ɗan ƙarfen, ya ce kada ya ɗauka an gama, gobe ma za ta saki, ranar Lahadi ma za ta saki. Duk lokacin da zai kaɗa, ya fara sauraron ƙarfen tukuna.

Ranar godiya majami'a ta cika, dawa da masara sun taru a gaba. Habila ya fito da jitar. Ya buga ɗan ƙarfen a gwiwa a gaban kowa, ya kara kunne, ya gyara tsirkiya biyu da suka saki, mutane suna jira. Sannan ya fara. A tsakiyar waƙar yatsansa ya zame sau ɗaya, ya gyara ya ci gaba. Afiniki tana bencin baya da sabon zanenta, ta rufe fuska da gefen mayafi. Da matan zumunta suka ɗauki amshi, sai aka ji muryarta ta fito a cikin nasu, ta taso ta zo gaba ta tsaya a layinsu.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, Habila mu ne. Jitar da ke cikin buhu ita ce rayuwarmu ta ainihi, wadda take gida, da tsagarta da facinta: fushin da muke yi wa iyali, tsoron da yake cin mu, zunubin da muka rufe wa ƙofa don kada maƙwabta su ji. Malamin shi ne Ubangiji Yesu. Ran Lahadi mukan zo da kaya masu kyau mu kaɗa jitar da aka riga aka saita mana, waƙa ta yi daɗi, addu'a ta yi daɗi. Mu koma gida mu ɗauki tamu, sai ƙara mara daɗi. Daga nan mu ce ai mu ba mu da baiwa, bangaskiya ta wasu ce.

Kuma ku lura da abin da ya kusa hallaka jitar nan. Ba lalaci ba ne. Mutumin nan ya yi ƙoƙari har yatsunsa suka tsage. Gwanintarsa ce ta cuce shi, don ya auna jita da ma'aunin keke. Haka muke yi. Ɗan kasuwa ya auna gidansa da ma'aunin kasuwa, mai mulki ya auna 'ya'yansa da ma'aunin ofis, in abu ya ƙi sai mu ƙara murɗi, mu ƙara matsa wa kanmu da mutanenmu har wani abu ya tsinke. Ɗan ƙarfen nan da muryarsa ba ta canzawa shi ne Maganar Allah. Da ita ake saita rai, ba da abin da yatsanka ya saba ji ba. Ba kuma sau ɗaya ake yi a gama ba, kowace safiya sai an sake saurare.

Wani a cikinku yana tsoron in ya kawo, za a yi masa dariya. Malam bai yi wa Habila dariya ba, ashe ma ya san jitar tun kafin a kawo ta, har facin. Wani kuma yana tsoron sassautawar, don Ubangiji yakan fara da warware abin da muka ɗaure da ƙarfinmu. Da zafi, ban ce babu zafi ba. Amma wuyan jitar ya riga ya fara lanƙwasa, kuma akwai wata Afiniki a gidanka ko a layinka da take jiran ta ji murya mai daɗi daga rayuwarka.

Shekara nawa ke nan kana zuwa gaban Ubangiji hannu sake, kana ce masa tana nan lafiya lau? Ya ji labarin, ya ishe shi. Je ka kwance buhun, ka kawo masa ita yau.